Sawun da Ya Guji Ruwa

Sha biyun rana ta ɗan gota, ranar Talata, na buɗe ɗakina a otal ɗin Maame Otuwa, sai na ga hasken rana kwance a kan gadona. Da safe da zan fita ɗakin nan duhu ne, ni da hannuna na rufe tagar baya. Yanzu ga katakanta uku an zare. Ban ko ajiye jaka ba na durƙusa na leƙa ƙarƙashin gado. Gwangwanin biskit ɗin babu shi.

Ihun da na kurma, an ce har masu gyaran raga a bakin titi sun ji.

A cikin gwangwanin nan takardar gidan mahaifiyarmu take, da dangwalen yatsanta a jiki. Ita da kanta ta ba ni ajiya shekara goma kafin ta rasu. Washegari Laraba, ƙarfe tara, kotu za ta zauna a Sekondi, domin wani kamfani mai neman filin gini a bakin teku ya ce gidan nasa ne, ya saya. A hannun wa? Lauyansu ya ce sai a gaban alƙali. Nawa lauyan kuwa bai ɓoye mini komai ba: in na zo da takardar, gida namu ne, in na zo haka nan, in yi wa gidan ban kwana.

Sunana Ewurasi. Shekara ashirin da shida ina sayar da atamfa a Kumasi, cikin ɓarayin da ake ba da labarinsu, ba a taɓa ɗauke mini ko ƙyalle ba. Sai da na dawo Takoradi, unguwar masuntan da aka binne cibiyata, aka yi mini wannan cin mutunci.

Kafin in miƙe tsaye tsakar gidan otal ya cika. Ranar Talata ba a fita kamun kifi, saboda haka kowa yana gida, kowa kuma da bakinsa. Ba a yi minti biyar ba unguwa ta yanke hukunci: baƙon ɗaki na uku ne. Sunansa Sackor, mutumin Laberiya, kukun jirgin ruwa ne da ke jiran jirginsa ya shigo.

"Wannan da ke wanka a teku ranar Talata?" in ji wata mai banda. "Wanda bai ji tsoron teku ba, tagar mutane zai ji tsoro?"

Ana cikin haka ƙanena Fiifi ya faɗo gidan yana haki, da wani ƙarfen injin kwale-kwale a hannu ɗaya, ɗayan hannun ɗaure da tsumma. Tun safe ya ce mini zai je Sekondi neman kayan gyara. Da ya ji abin da ya faru sai ya jefar da ƙarfen ya ɗora hannu a ka.

"Sista! Sista, sun kashe mu! Ina ɗan iskan yake? Ku fito mini da shi!"

Ni na riƙe shi. Yaron da na goya ne, shekara tara na ba shi. Ina kuka ina lallashinsa, kun ji wauta.

An buga wa 'yan sanda waya, suka ce za su turo mutum gobe. Gobe! Maame Otuwa, wadda sunan otal ɗinta ke neman zubewa a gabanta, ta ɗaure ɗankwali a ƙugu ta ce a kira mata Egya Bentsil.

"Haba Maame," in ji Fiifi, "wannan tsohon ai ɓatattun awaki yake nemo wa mutane."

"To yau ya nemi gwangwani. Ni dai ba za a ce a gidana ake sata ba."

*

Egya Bentsil shekara talatin ya yi yana gadin daji a yamma, yana bin sawun masu satar katako da mafarauta. Da ya bar aiki ya zo ya zauna wajen 'yarsa a unguwarmu. Ƙaramin tsoho ne, baƙi, da asuwaki a baki da tsinken tsintsiya ɗaya a bayan kunne. Bai yi wa kowa jaje ba. Abin da ya fara tambaya shi ne ko wani ya zagaya bayan otal.

Maame Otuwa ta ce ƙofar baya a kulle take, ranar Talata ba ta buɗe ta.

"Ta zauna a haka. Wanda ya zagaya, shi ya sata."

Ya kori kowa daga ɗakin sai ni. Ya zauna a bakin gadon ba tare da an ce masa zauna ba.

"Ke 'yar unguwar nan ce, kuna da gida a nan. Me ya kai ki otal?"

"Fiifi ne a gidan, da matarsa da 'ya'ya shida, ɗaki biyu. Kuma ya ce mutanen kamfani sun sa wa gidan ido, nan za su fara nema."

"Kotun a ina take?"

"Sekondi."

"A Sekondi babu otal?"

Raina ya ɗan ɓaci. Na gaya masa ai ni can na so sauka. Har na samu wani masauki a bayan kotun, tafiyar ƙafa ta minti biyar. Da na faɗa wa Fiifi a waya sai ya ce sauron Sekondi ya fi ƙarfina, kuma lauyoyin kamfanin duk a wannan layin suke cin abinci. Na ce to tsakiyar gari, wajen babbar kasuwa, inda mota ba ta yankewa. Ya ce can kuwa hayaniya da 'yan yankan aljihu, ga matan banza suna shiga da fita, ba wurin matar kirki ba ne. Wajen tashar jiragen ruwa kuma sai ƙurar siminti da mashaya. Duk unguwar da na ambata sai ya samo mata aibi. A ƙarshe ya ce in bar masa, akwai otal a ƙarshen unguwarmu, ga iskar teku, ga shiru, ga kabarin Mama kusa.

"Yaushe kika iso?"

"Jiya Litinin da yamma. Na so in zo yau, ya ce gara in huta kwana ɗaya kafin kotu."

"Da safen nan ina kika je?"

"Maƙabarta, daga can na gai da gwaggonmu."

"Kika bar takardar a ɗaki."

"A garin nan wa yake yawo da takardar gida a jaka? Fiifi ma ya ce kada in kuskura."

Ya cire asuwakin ya dube shi, kamar shi ne ya yi maganar.

"Egya," na ce, "ɓarawo na ce ka nemo mini, ba tarihin tafiyata ba."

"Shi nake nema, 'yata."

*

Maame Otuwa ta amsa tambayoyinta a tsaye, tana huci. E, tana da makulli na biyu, ga shi nan a wuyanta. In da ita ce, me zai kai ta ɓalle tagar da za ta biya kafinta ya gyara? Daga tara zuwa sha biyu tana zaure tana tsince wake, babu wanda ya wuce ta gabanta.

"Wa ya kama wa baƙuwar ɗaki?"

"Fiifi. Sati biyu ke nan ya zo. Na nuna masa na sama, mai fanka, mai kallon titi, ya ce a'a, na huɗu yake so, na ƙasa, can baya. Wai yayarsa tana fama da gwiwa, ba ta hawa bene."

Duk da halin da nake ciki sai da na yi tsaki.

"Gwiwa? Ni da nake hawa benen kasuwa sau goma a rana da dila a ka? Fiifi ke nan, tun ina da shekara arba'in ya mai da ni tsohuwa."

Egya bai yi dariya ba. Ya ce a ƙwanƙwasa wa baƙon ɗaki na uku.

Sackor ya buɗe ƙofa kaɗan, ya tokare ta da ƙafa. Ƙato ne, amma gumi yake kamar an watsa masa ruwa. Ya ce wajen ƙarfe goma ya ji ƙarar katako, ya zaci gyara ake yi. Bai leƙa ba. A garin mutane baƙo ba ya leƙe-leƙe.

"An ce ka yi wanka a teku yau."

"Kullum ina yi, Baba. Ƙarfe shida. Babu wanda ya gaya mini akwai ranar da ruwa yake hutu, sai da tsofaffi suka zage ni."

Egya ya dubi ƙafafunsa, manya kamar faranti, ya zaro tsinken tsintsiyarsa ya gwada a jikin silifas ɗin da ke bakin ƙofa, ya mayar bayan kunne.

"Kulle ƙofarka. Zan kira ka da yamma."

*

Mu biyu kawai Maame Otuwa ta buɗe wa ƙofar baya.

Na tsaya ina kallo. A sauran ranaku wurin nan kasuwa ce. Tun asuba mata masu sayen kifi, da masu jan raga, da masu dako, ƙafa ɗari biyar ke tattake yashin nan. Yau kuwa ko kare babu. Yashi lumui, ruwan asuba ya share shi tas. A kansa sawu iri biyu ne kawai. Ɗaya na ƙatuwar ƙafa ba takalmi, ya biyo ta lungu ya miƙe zuwa ruwa ya dawo, wannan na Sackor ne. Ɗayan kuwa takalmin fata ne mai tsini, ya gangaro daga lungun gefe, ya tsaya ƙarƙashin tagata, ya juya ya bi gaɓar teku ya yi gabas.

"Takalmin 'yan ofis!" na ce. "Hayford! Wallahi Hayford ne!"

Mista Hayford shi ne dillalin kamfanin, mutumin Accra, tun bara yana zarya a unguwar da kwat da takalmi mai ƙyalli.

Egya ya tsuguna ya auna sawun, ya karya tsinken daidai tsawonsa. Ya daɗe yana kallon wajen dunduniyar.

"Wanda ya zaɓi yau ya yi lissafi," ya ce. "Ya san babu idon da zai gan shi. Abin da ya manta, babu kuma ƙafar da za ta share masa sawu."

Muka bi sawun. Tafiyar kamar minti goma ce zuwa inda duwatsu suka shigo cikin teku suka datse hanya. Kowa ya san wurin. In za ka wuce zuwa inda ake jan kwale-kwale tudu, sai ka zagaya bakin dutsen, taki uku ko huɗu a cikin ruwa, iya idon sawu. Ko ruwa ya janye, wurin ba ya bushewa.

Egya ya naɗe wando ya shiga.

"Biyo ni."

Na tsaya.

"Ka je, ina jiranka a nan."

Ya juyo. "Ruwan bai kai ƙwauri ba."

"Yau Talata."

"Kamun kifi aka hana ranar Talata. Na ga matan unguwar nan suna wanke tukwane a nan ranar Talata."

"Su ke nan. Ban da gidanmu."

Sai da na ba shi labarin. Ina da shekara goma sha huɗu, wata ranar Talata, iska ta tsinke igiyar kwale-kwalen babanmu. Ya ce ai ba kifi zai kama ba, jawo shi kawai zai yi. Ya shiga ruwa iya ƙirji muna kallo. Ranar Juma'a aka tsinci gawarsa a wajen Sekondi. Ranar da aka binne shi Mama ta durƙusar da mu a bakin kabarin, ta sa muka ɗora hannu a kan ƙasar muka rantse cewa har mu mutu ruwan teku ba zai taɓa jikinmu ranar Talata ba, ko ɗan yatsa. Ni mai zuwa coci ce, ina cikin ƙungiyar mata, na san abin da fasto zai ce. Amma ƙafata ba ta sani ba.

Egya ya tsaya cikin ruwan yana kallona. Daga nan ya fito, ya ce in zauna a inuwa, ya hau kan duwatsun da rarrafe. Na ɗauka tsufa ne ya sa shi neman hanyar wahala. Ya yi kusan rabin awa. Da ya sauko, gwiwar wandonsa ta yage, fuskarsa kuma ba ta yi mini daɗi ba.

"Ka ga inda ya bi?"

"Daga can tsakuwa ce, sawu ya ɓace. Tashi mu je mu ga Mista Hayford."

*

Mun same shi a rumfar mai abinci a bakin titi, ya sa dokunu, tuwon masararmu, da soyayyen kifi a gaba, ya ɗaura hankici a wuya don kada mai ya taɓa masa riga. Labarin takalmin ya riga mu isa, ban san ta yaya ba, ko da yake ni na yi ta faɗa da ƙarfi a hanya. Mutane sun kewaye rumfar, Fiifi a gaba.

"Ga ɓarawon nan, Egya! Ku bar ni da shi!"

Hayford ya lashe yatsa. "Madam, ki ja wa ɗan'uwanki kunne. Ni ba na shiga ta taga. Ta ƙofa nake shiga, da takarda."

Egya ya roƙe shi ya miƙo ƙafa. Ya ɗora tsinken a tafin takalmin. Daidai, ba ragi ba ƙari. Jama'a suka ɗauki ihu, wani har ya ɗaga benci.

"Ku dakata," in ji Egya, bai ko ɗaga murya ba. "Takalmi ba ƙafa ba ne. Ƙarfe biyar ina son ganin mutum biyar a bayan otal: Mista Hayford, da kukun jirgi, da Maame Otuwa, da mai kaya, da ƙanenta. Wanda ya ƙi zuwa ya amsa laifinsa. Sauranku in kuna son kallo ku zo, na san ko na hana sai kun zo."

Fiifi ya raka ni otal. A hanya ya sayo mini ruwan kwakwa, ya ce in sha, ban ci komai ba tun safe. Na tambaye shi hannunsa, ya ce inji ne ya yanke shi. Na kwance tsumman na wanke masa ciwon da ruwan gishiri, na yaga gefen sabon ɗankwalina na sake ɗaure masa. Tafin hannun duk ya kwakkwarje. Na ce wannan inji mugu ne. Ya ce ai kuwa.

*

Ƙarfe biyar rabin unguwa na bayan otal. Egya ya shige gaba, muka bi shi gefen sawun har zuwa duwatsu.

"Maganar a can gefe take," ya ce. "Kowa ya tsallako."

Ya shiga ruwan ya wuce. Sackor ya bi shi. Hayford ya yi ƙunƙuni, ya cire takalmi da safa ya riƙe a hannu, ya wuce yana ɗaga ƙafa kamar zakara. Maame Otuwa ta tattare zani ta wuce. Jama'a suka bi, maza da mata, ana ture-ture ana dariya. Ni ina tsaye ina jiran a gama in ji sakamako daga nan.

Da hayaniyar ta lafa na waiga. A wannan gefen saura mu biyu, ni da Fiifi.

Egya ya dawo ya tsaya a tsakiyar ruwan, inda kowa zai ji shi.

"Wanda ya ɗauki gwangwanin nan ya sa takalmin da ya fi ƙafarsa, dunduniyarsa tana fita a kowane taki. Don a ce ɗan ofis ne ya sa shi. Daga tagar zuwa ruwa taki ashirin ne. Ɓarawon da ya san abin da yake yi, cikin ruwa zai bi, igiyar ruwa ta share masa sawu. Wannan bai yi ba. Duk inda ruwa ya matso, sai sawun ya kauce tudu. Da ya iso nan, taki huɗu ya rage masa ya tsira, amma ya ƙi. Ya hau duwatsun can da takalmin fata, da gwangwani a hannu, ya zame ya faɗi, ya bar jininsa a kan dutse. Na yi ta tunanin wane irin ɓarawo ne wannan, da ya fi tsoron ruwa iya idon sawu a kan a kama shi. Ashe mutum biyu ne kawai a duk unguwar nan. Ɗaya tana maƙabarta a lokacin."



"Ƙarya ne!" na ce. Ni na fara cewa ƙarya ne, ba shi ba. "Egya, ka tsufa! Fiifi, shiga ka nuna musu. Shiga mana!"

Kun ji abin da na ce wa ɗan uwata. In ya shiga ya karya rantsuwar Mama, amma ni a lokacin na gwammace haka.

Ya matsa bakin ruwan. Ya ɗaga ƙafar dama. Wata 'yar igiyar ruwa ta taho, ba ta kai ta jiƙa kaza ba, sai ga shi ya yi tsalle baya. Ya sake matsowa, ya sake ɗagawa. Ƙafar ta tsaya a sama. Sai ya sauke ta a kan busasshen yashi, ya zauna daɓas, ya sa kai tsakanin gwiwoyi.

Na dubi hannunsa, da gefen ɗankwalina a ɗaure.

"Ina takardar?" in ji Maame Otuwa. "Ko ya ƙona?"

"Murhun banda na mata ne, akwai ido a can," in ji Egya. "Kuma shi mutumin teku ne. Na fi zaton so yake ya kai ta can tsakiya ya saki, amma sai gobe da asuba zai iya fita. Ku duba kwale-kwalensa."

Sackor ne ya je, shi da aka so a yi wa duka da rana. Ya dawo da gwangwanin a hannu ɗaya, da takalmi mai tsini ƙafa biyu a ɗayan. A ƙarƙashin raga ya same su. Ya tsallako ya miƙo mini. Na buɗe. Takardar tana nan, da yatsan Mama.

Maame Otuwa ta ɗaga takalmin ta juya shi. "Mista Hayford, wannan ba ɗan'uwan na hannunka ba ne?"

"Tsohon takalmina ne, kyauta na ba shi," in ji Hayford da sauri. "Ban ce ya yi sata da shi ba. Ku shaida, ni ban aiki kowa ba. Gida na saya a hannun ɗan gida, ya ce mini babu wata takarda a duniya. Ga yarjejeniyar, ni ba na ɓoye-ɓoye."

Ya zaro kwafinta daga aljihun kwat. Aka miƙo mini hannu da hannu.

Fiifi ya ɗago. Ba kunya na gani a idonsa ba, haushi na gani.

"Shekara ashirin da shida, Sista. Wa ya gyara rufin? Wa ya ɗauki Mama zuwa bayan gida da ta kasa tafiya? Ke kina Kumasi kina aiko da atamfa. Amma gida ta ɗakin uwa yake bi, ko? Daga Mama sai ke, daga ke sai 'ya'yanki mata, waɗanda ba su san hanyar unguwar nan ba. Nawa shida fa? Ranar da na mutu a tsakar titi za su kwana."

"Ka taɓa tambayata? Ka taɓa buɗe baki ka ce Sista, ga damuwata? Da na raba shi biyu, Allah ya sani!"

"Haka za ki ce yanzu."

Idona ya riga ya sauka a ƙasan takardar Hayford. Ga sa hannun Fiifi, na san shi, ni na koya masa rubuta sunansa. A gefensa ga kwanan wata: goma sha ɗaya ga Maris, bara.

Mama ta rasu goma sha uku ga Maris.

Na san ranar goma sha ɗaya. Ina tashar mota a Kumasi da jakata, na riga na yanki tikiti, don an ce mini jikinta ya yi tsanani. Ina shirin shiga mota Fiifi ya kira ni. Ya ce Mama ta ji sauƙi, ta tashi zaune, har ta ci dokunu. Ya ce kada in bar shago a banza, in bari sai Ista mu yi biki gaba ɗaya. Na yi wa Allah godiya a tsakiyar tasha, na mayar da tikitin.

"Ba ta ji sauƙi ba," na ce.

Ya kawar da kai.

"Ka hana ni zuwa don kada in tarar da masu awon fili a tsakar gida. Tana kwance a ciki ka sayar da ɗakin da take kwance."



Akwai tambayar da bai kamata in yi ba. Egya ma ya girgiza mini kai. Amma ni ba a haife ni da iya yin shiru ba.

"Ta neme ni?"

"Sista, ki bari."

"Fiifi, ta neme ni?"

"Kullum. Duk wanda ya taɓa ƙofa sai ta ce ke ce."

"Ka ce mata me?"

Ya dubi yashi.

"Na ce na kira ki. Kin ce ciniki ya yi yawa, ba za ki samu zuwa ba."

Ban san lokacin da na zauna ba. Na ji Maame Otuwa tana korar mutane, na ji wata tana tsine masa, na ji Hayford yana cewa a ba shi takardarsa. Ban mare shi ba, ban zage shi ba, ni da ake jin bakina daga wannan layin kasuwa zuwa wancan. Rungume gwangwanin kawai na yi.

Washegari alƙali bai yi minti ashirin ba ya ce gida namu ne, cinikin banza ne. Lauyana yana ta murna yana girgiza mini hannu. 'Ya'yan Fiifi suna cikin gidan har yau, ban kori kowa ba, ba su suka yi mini ba. Kafin a tashi alƙalin ya tambaye ni ko ina da abin da zan ƙara. Na ce babu. Wadda nake so in yi wa bayani ba ta kotun, kuma ta tafi tana zaton atamfa na zaɓa a kanta.